Gemun Cugula

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Na je bakin tafki na ɗebo yumɓu. Bana ma na riga kowa, don in ka bari matan unguwar arewa suka riga ka, sai dai ka kwashi mai tsakuwa. Kwando ɗaya na ɗauko, sai da na huta sau uku kafin in iso gida. A da biyu nake haɗawa ina tafe ina waƙa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina gina tsuntsayen yumɓu na bikin Saama saboda ƙanina Baiju. Na fara shekarar da babarmu ta rasu, ina da sha ɗaya, shi yana da huɗu. Ranar rufe biki aka ce ya fasa su da gwiwa kamar yadda 'yan'uwa maza suke yi, ya kasa, sai ya juya ya zauna a kansu. Ko da na yi aure ban taɓa fashin zuwa ba. Da mijina ya mutu na dawo gidan ubanmu gaba ɗaya, aka ja katanga a tsakiya, aka bar 'yar ƙofa.

Ƙofar tana rufe. Ya ɗaure ta da igiya daga ɓangarensa tun ranar da matarsa Sunaina ta tafi gidansu. Ba zan rubuta wannan zance ba. Littafin nan na bikin Saama ne.

Litinin, 28 ga Oktoba, da sassafe

Na ji tarinsa. Na ji ƙararrawar kekensa. Ƙofar tana rufe.

Laraba, 30 ga Oktoba, da rana tsaka

Na gina Saama da mijinta Cakewa, na gina 'yan'uwa bakwai a jere, da kare, da mai ganga. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. A ƙauyen nan babu hannun da ya kai nawa fitar da bakin tsuntsu, wanda ya musa ya zo ya gani.

Ina aiki ina jin muryar babarmu tana ba da labarin. Saama 'yar Kirishna ce, abin bautarmu. Wani annamimi, Cugula, ya je ya ce wa ubanta ya ga tana shiga daji wurin wani. Uban bai tambaye ta ba, ya yi mata baki ta zama tsuntsuwa. Mijinta ya bi ta ya zama tsuntsu. Ɗan'uwanta ne ya ƙi yarda, ya yi ta wahala har aka mayar da ita mutum. Shi ya sa mata suke gina su, suna yi wa 'yan'uwansu maza waƙa, kullum da almuru a ƙona gemun Cugula.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Ko yaron goye ya san labarin.

Cugula ne ya rage. Na mulmula kan sau biyu ina rushewa. Yumɓun ne bai jiƙu daidai ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Jiya bikin fitilu. Duk ƙauye ya haska ban da ɓangaren Baiju. Sunaina ce take jera masa su, tun daga bakin ƙofa har garken bauna. Na kasa jurewa, na kunna ɗaya na ɗora a kan katanga, daidai tsakiya, don kada a ce ta wane ce.

Da safe na tarar da ita a ƙasa ta ɓangarena, an ajiye ta a hankali, ko man bai zube ba. Da jefo ta ya yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da yamma

Yau ce ranar da maza suke cin abinci a gidan 'yan'uwansu mata. Na dafa kifi da miyar wake, na soya kabewa yadda yake so, har ta ɗan kama. Na share tsakar gida, na shimfiɗa masa tabarma. Da hantsi na ji keken ya fita. Bai dawo ba sai da inuwa ta kai bakin rijiya.

'Yata Rinku ta kira daga Delhi. Ta ce, "Kawu ya zo?"

Na ce, "Aiki ya yi masa yawa."

"Ranar Lahadi? Mama, me kika yi?"

"Ji mini yarinya. Dole sai ni ce na yi?"

"Na san ki ai."

Na ce mata kifi zai ƙone, na kashe. Kifin da ya huce tun tsakar rana. Kwana uku zan yi ina cinsa.

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Na haɗu da Ramrati a famfo. Matar kawunmu ce, ta ba saba'in baya, amma bakinta ko na 'yar shekara ashirin albarka. Wata biyu ina kauce mata. Yau dai ba kowa sai mu biyu.

Ta ce, "Kusum, kin rame. Ko ke ma tafiya za ki yi?"

Na ce, "Inna, da girmanki, wa ya aike ki?"

"Aike ni ina?"

"Kin san abin da nake nufi. Ke kaɗai na gaya wa. A nan, a kan dutsen nan."

Ta ci gaba da tuƙa famfo ko a jikinta. "To ni ma mutum ɗaya na gaya wa. Abin da kika ce shi na ce, ban sa masa gishiri ba."

"Ni cewa na yi na gani. Ban ce an yi wani abu ba."

"Ba da baki kika ce ba, da gira kika ce. Ruwa kuma ba ya tsami banza, 'yar nan."

Na ɗauki tuluna rabi na taho. Na gani, ƙarya ne? Ranar na kai zane-zanena garin Madhubani, na ga jan babur, na ga wanda yake tuƙawa, na ga wadda take baya ta rufe fuska da bakin sari, sarin da ni na saya mata. Da safe Sunaina ta ce mana gidan babarta za ta. Ni na haƙa idona na sa masa abin da ya gani?

Na gama Cugula da na dawo. Na yi masa ƙaton baki da gemun zaren rama. Minti goma ya ɗauke ni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan almuru

An fara. Mun fita da kwanduna a ka, kowane da fitila a ciki, har mararrabar da ke bayan gonar rake. Mu sha tara ne bana, yawanci matan aure da suka zo gida don bikin. Muka sa wa tsuntsaye kwalli, muka ba su ɗanyar shinkafa, muka yi ta musayar kwanduna ana waƙa.

A waƙar kowace mace ana kiran sunan ɗan'uwanta, sannan a tsokani matarsa, a ce marowaciya ce, tana ɓoye kindirmo in dangin miji sun zo. Bara Sunaina tana tsaye can gefe tana ramawa, har ta ce kindirmon nata ne, bauna ma daga gidansu aka kawo. Da aka zo kaina suka kira Baiju da ƙarfi. Da aka zo wurin matarsa sai waƙar ta yi ƙasa, kamar an rufe tukunya. Wata ta yi tari, aka wuce.

Sai ƙona gemu. Kowa ta riƙe Cugulanta a wuya tana kara masa fitila, ana zaginsa, ana shewa. Nawa ya ci wuta fiye da na kowa, rama ce busasshiya. Gudiya, jikar Ramrati da aka yi wa aure bara, ta dube ni tana dariya ta ce, "Gwaggo, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Suka kwashe da dariya. Wataƙila wasa ne kawai. Na yi dariya ni ma.

Na bar tsuntsayen a kan rufi su sha raɓa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da sassafe

Na sauko da su. Ƙofar tana rufe.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da yamma

Jan babur ya tsaya a ƙofar gidanmu.

Ina zaune ina tsince shinkafa. Na gane shi tun kafin a kashe shi. Mutumin ya cire hular kwano, ashe ya manyanta, har da furfura a gefe. Baiju ba ya nan, sai ya leƙo wurina, ya sunkuya ya taɓa ƙafata.

Ya ce, "Ke ce Didi Kusum, yayar Baiju, ko? Sunana Lalan, ɗan kawun Sunaina ne ni. Nono ɗaya muka sha da ita, da babarta ta kwanta ciwo. Bargonta ta aiko ni in ɗauka, sanyi yana damunta tun da aka yi aikin."

Na ce, "Wane aiki?"

Ya dube ni ya daɗe. "Ba ku sani ba? A asibitin Darbhanga, sati biyar ke nan. An cire abin. Yanzu ruwan magani ake sa mata duk bayan sati uku, shi ne yake kayar da ita."

Ya ce tun damina ta ji wani kullutu a jikinta, ta hana a gaya wa mijinta sai likita ya tabbatar, wai Baiju ba shi da zuciya, ko bauna ce ta ƙi cin ciyawa ba ya barci. Shi ya riƙa kai ta asibiti a ɓoye, sau uku.

Na ba shi shayi. Ya sha, ya yaba. Da zai tafi ya ce, "Tana yawan zancenki, Didi. Ta ce ke kika koya mata komai a gidan nan." Ban iya gane ko ya sani ba. Ina jin ya sani.

Na fita da kwando da almuru, amma ban yi waƙa ba. Na ce maƙogwaro ne.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da asuba

Ban ci ba. Ban zana komai ba. Sau uku. Ni ɗaya kawai na gani.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Na ji yana ba bauna ruwa, na je na tsaya jikin ƙofar. Ta tsagin katako ina ganin ƙafarsa.

Na ce, "Baiju."

Ya ci gaba da zuba ruwa.

"Baiju, Lalan ya zo. Tun yaushe ka sani?"

Can ya ce, "Kwana goma bayan ta tafi." Wata biyu ban ji muryarsa a kaina ba, sai na ji ta tsufa.

"Ka je ka gan ta?"

"Da wace fuskar? Kin san abin da na tambaye ta a ɗakin nan? Ta dube ni, ta ɗaure kayanta, ba ta ce uffan ba."

"To ai sai ka je ka ba ta haƙuri. Tsakanin harshe da haƙori ma..."

"Didi, bar karin maganar nan." Ya ajiye bokitin. "A rumfar mai shayi na ji. Da daga bakin wani ne da sai na zubar masa da haƙora. Sai aka ce Didi ce ta gani da idonta. Ke kika raine ni. Ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Shi ya sa na yarda."

Na ce, "Ranar Juma'a ake rufe biki."

Ya ce, "Ki nemi wani ƙanin."

Na tsaya a wurin har rana ta taɓa bayana. Ban yi kuka ba sai da na zo hura wuta.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da rana

Gemun Cugula ya ƙare, kwana shida ana ƙona shi, saura haɓa baƙa. Gobe ake yi masa babbar ƙuna, dole a sa sabo. Akwai rama a ɗaki, dami guda. Na ɗauko, na mayar.

Zan rubuta sau ɗaya, in ya so in yaga takardar. Ba ganin ne laifin ba. Na ji daɗin faɗa. Shekara ashirin ina kallon yadda yake fara kiran sunanta in ya shigo gida, a da nawa yake kira. Ranar a famfo na ji daɗi har cikin cikina. Ban yaga ba.

Almakashin ɗinki ba ya cin kitso da daɗi. Sai da na yi ta sara kamar mai yankan igiya.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan an watse

Wata ya cika. Duk ƙauye ya fito gonar da aka yi wa huɗa a bakin tafki, maza a gefe da sababbin zannuwa, mata da kwanduna. An sa wa kowace Saama sabon ƙyalle, an ɗaura mata guzuri, yau za ta koma gidan miji.

Da aka zo ƙona gemu na kara fitila. Rama tana ci ne fal ta mutu. Wannan ya yi ta ƙuna yana murɗewa, warin ya tashi. Babu macen da ba ta san warin gashi ba. Gudiya ta toshe hanci ta ce, "Wa ya ƙone?" Sai ta ga farin gemun, ta ga kaina, don sarin ya zame.

Ban shirya magana ba. Na ce, "Ni ce. Abin da aka faɗa a kan Sunaina daga bakina ya fito. Ɗan'uwanta ne yake kai ta asibiti. Duk wadda ta kai waccan maganar wani gida, ta kai wannan ma."

Ramrati ta ja sarina ta rufe mini kai, ta ce a hankali, "Mahaukaciya. Sai ki aske kanki saboda magana?" Amma ba ta dube ni ba.

Maza suka matso. Kowane ya durƙusa ya danne tsuntsayen 'yar'uwarsa da gwiwa, ana jin ƙas-ƙas ko'ina, sannan ya buɗe bakin zanensa ta cika masa da soyayyar shinkafa da mazarƙwaila. Na tsaya da kwandona ina kallon hanyar gida. Na san keken ba zai zo ba, na kalla dai.

Ramrati ta ce, "Bari ɗana ya fasa miki, ai shi ma ƙaninki ne. Ba a kwana da Saama a gida bayan cikar wata, kin sani."

Na ce a'a. Ni kaɗai na dawo da kwando cike. Ga su nan a gabana, da kwallinsu da guzurinsu.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da almuru

Na hau motar safe da kwandon a cinya. Yaron motar ya ce, "Gwaggo, biki ya wuce jiya, ko barci ya kwashe ki?" Awa biyu ne zuwa ƙauyen su Sunaina. Ban taɓa zuwa ba tun ranar ɗaukar amarya.

Tana zaune a rana cikin bargon. Da ban san gidan ba da na wuce ta. Ta ɗaura ƙyalle a ka, babu komai a ƙarƙashinsa. Babarta ta gan ni ta shige ɗaki ba gaisuwa, ban ga laifinta ba.

Na ajiye kwandon, na zauna a ƙasa. Na faɗa mata duka, har da jin daɗin. Ta saurara tana kallon kajin gidan.

Ta ce, "Na sani, Didi. Sarin nan ke kaɗai za ki gane shi daga nesa."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Da ni zan raka ki."

"Na so. Ranar da na dawo na zo ƙofarki, na tarar kina kallona wani iri." Ta gyara bargon. "Ina kitsonki?"

Na nuna mata Cugula da ƙonanniyar haɓarsa. Ta duba, ta duba, sai dariya ta ƙwace mata har ta koma tari. "Ke naki da kanki kika cire. Ni ba a tambaye ni ba."

Na ce ta yafe mini.

"Ba yau ba. Ba ni da ƙarfin yafiya yanzu, ko ruwa da ƙyar nake riƙewa." Ta miƙa hannu ta ɗauki Saama, ta juya ta. "Bai fasa ba?"

"Bai zo ba."

"Bai zo nan ba ma." Ta mayar da ita kusa da Cakewa, ta jawo kwandon jikin ƙafarta. "Bar su a nan. In yana da gwiwa, ya san hanya."

Da na dawo na faɗa wa ƙofar, kalma bayan kalma yadda ta faɗa. Ban ji motsi ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma

Ba labari. Kaina yana jin sanyi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da sassafe

Keken ya fita tun ba a ganin tafin hannu. Ba ta hanyar kasuwa ya bi ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Kwana biyu ba ya nan, ni nake zagayawa ta waje ina ba bauna ciyawa. Ya dawo jiya da yamma, shi kaɗai. Ban tambaya ba.

Ɗazu ina shara na ji ana kwance igiya. Ya daɗe yana yi, ƙullin ya sha ruwa ya sha rana. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu biyu, ta tsaya. Bai shigo ba. Ya miƙo hannu ya ajiye wani abu a kan dokin ƙofa. Kan tsuntsuwa ne, da kwallin da na sa mata, ya fashe daga wuya.

Ya ce, "Ta ce sai an gama maganin za ta duba ko za ta dawo. Ba ta yi alkawari ba."

Na ce, "To."

Ya dubi kaina, ya kawar da ido. Sai ya kama bakin zanensa da hannu biyu ya buɗe, yana kallon ƙasa.

Shinkafar ta yi sanyi, kwana biyar tana ɗaure, mazarƙwailar ta fara narkewa. Na kawo hakanan. Ina juye masa, rabi ya zube a tsakanin ƙafafunmu. Ya tsuguna, gwiwarsa da ɗan ƙurji sabo, yana tsincewa ɗaya-ɗaya, har da waɗanda suka faɗo ta ɓangarena.